Maganin Sankara Cikin 'Yan Jakunkunan da Ido Ba Ya Gani: Jawabi ga Hakimai da Magatakarda a Yalwawa, Dutse

Wannan jawabi an tsara shi ne domin a karanta wa hakiman ƙasar Dutse da magatakardansu a Yalwawa, sa'an nan a buga shi a rarraba cikin gundumomi, tun daga Gwaram da Birnin Kudu har zuwa Jahun da Miga. Dalilinsa kuwa shi ne, akwai labarin da ya ke yawo cikin rediyo da wayoyin hannu, wai an samo wani sabon maganin ciwon daji, watau sankara, mai suna nano, wanda ya ke bin jini ya tafi kai tsaye wurin cutar ya kashe ta, bai taɓa sauran jiki ba. Mai ciwo ba ya raina labarin magani. Da ya ji sai ya tashi neman kuɗi, kuma sau da yawa ƙofar dagaci ko ta hakimi zai fara zuwa, ko don neman shawara, ko don a shaida cinikin gonar da zai sayar. Saboda haka ya wajaba ga mai riƙe da jama'a ya san iyakar gaskiyar wannan labari, ya kuma san inda aka yi masa ƙari.

Gaskiyar ita ce abin akwai shi, kuma tun 1995 likitoci su ke aiki da shi. Amma mafi girman amfaninsa shi ne rage wahalar da magani ya ke ba jiki. Bai ɗauke wa kowa zuwa asibiti da wuri ba.

Yadda sankara ta ke

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu idan jiki ya bukaci sabuwa, ta kuma tsaya idan bukata ta biya. Sankara ita ce ƙwayar da ta daina jin tsawa. Sai ta yi ta rabuwa ba iyaka, har ta zama ƙari, ta janyo jijiyoyin jini zuwa kanta tana shan abincin jiki, kamar yadda wuta-wuta ta ke maƙale wa saiwar gero. In an bar ta, sai 'ya'yanta su ɓalle su bi jini, su kafa sansani a hanta, ko huhu, ko ƙashi. Ba ƙwayar cuta ba ce da ta shigo daga waje irin ta zazzaɓin cizon sauro. Naman mutum ne da kansa ya kangare, kuma wannan shi ne tushen wuyar maganinta.

Bisa ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 2022 mutum fiye da 127,000 suka kamu da ita a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Sankarar mama ita ce kan gaba.

Maganin kemo da ɓarnarsa

Makaman likita a kan sankara uku ne tun da daɗewa: aikin fiɗa, da gashi da na'ura, da kuma magani mai bin jini wanda ma'aikatan asibiti su ke kira kemo. Wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ne ya fara fatan a sami magani mai kama da harsashin da ba ya faɗa wa kowa sai abokin gaba, har cikin 1910 ya fito da maganin tunjere. Amma kan sankara fatansa bai cika ba. Kemo na farko da aka yi wa mutum, a Amurka cikin 1942, ɗan'uwan gubar nan ne da aka watsa wa sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Kada wannan asali ya sa a raina kemo. A Ibadan, cikin shekarun 1960, Likita Victor Ngu ya yi ta ba da shi ga yara masu irin sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙi, wadda a ke kira da sunan Burkitt, aka ga kumburi yana sacewa, wasu yaran suka warke sarai. Saboda wannan aiki aka ba shi lambar girma ta Lasker cikin 1972.

Aibin kemo shi ne ba shi da ido. Yana kashe duk ƙwayar da ta ke saurin rabuwa, ko ta sankara ce ko ba ita ba. To, saiwar gashi tana saurin rabuwa, haka fatar cikin baki da ta hanji, haka ɓargo inda a ke ƙera jini. Shi ya sa mai shan kemo gashinsa ya kan zube, ya yi ta amai, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya ragu. Misalinsa kamar manomin da ya sa wa gona wuta don ya ƙone ciyawa, alhali kuwa amfani bai tashi ba.

A ɗauki magani guda don a gane sauran zancen. Sunansa doxorubicin. An samo shi ne daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin turɓayar ƙasar Italiya, aka fara aiki da shi sosai cikin shekarun 1970, kuma har yanzu yana cikin manyan magungunan sankarar mama. Ja wur ne, har ya kan rina fitsarin majiyyaci kwana ɗaya ko biyu. Ya kamata a gaya wa dangi cewa wannan ba jini ba ne, gama akwai masu firgita su gudu da mai ciwo saboda haka. Babban aibinsa yana raunana tsokar zuciya, kuma raunin taruwa ya ke yi. Domin haka akwai iyakar abin da za a ba mutum cikin dukan rayuwarsa. In an kai wannan iyaka tilas likita ya tsaya, ko da cutar ba ta tsaya ba.

'Yan jakunkuna

Magatakarda sun san ba a aika kuɗin baitulmali a tafin hannu. A kan zuba su cikin jaka, a ɗaure, a buga hatimi, kada su zube a hanya ko su shiga hannun wanda ba nasa ba. Dabarar da a ke magana a kai ke nan: a zuba maganin cikin jaka, kada ya taɓa zuciya da ɓargo, sai ya isa ƙarin.

Kalmar nano ba sunan magani ba ce, sunan awo ne. In aka dubi rula ta 'yan makaranta za a ga ƙananan layuka, tsakanin kowane biyu milimita ɗaya. A raba milimita ɗin nan gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Jakar da a ke zuba doxorubicin a ciki faɗinta wajen nanomita 100 ne, watau za a jera guda 10,000 kafaɗa da kafaɗa kafin su cika tsakanin layuka biyun nan. Silin gashin kai ya fi ta kauri sau ɗari bakwai ko fiye. Madubin likita na kullum ba ya nuna ta, sai wani babba mai aiki da lantarki.

Asalinta daga Ingila ne. Cikin farkon shekarun 1960 wani likitan jini, Alec Bangham, yana aiki a Babraham kusa da Kambirij, ya lura cewa irin kitsen da ke cikin gwaiduwar ƙwai, in aka kaɗa shi cikin ruwa, sai ya naɗe kansa ya zama 'yan ƙunshi, fata ta kitse a waje, ruwa a ciki, kamar salkar matafiyi. Cikin farkon shekarun 1970 wani masani a Landan, Gregory Gregoriadis, ya gwada zuba magani cikinsu. Sai aka ci karo da wata matsala. Hanta da saifa su ne masu tsaron ƙofa a jiki. Duk baƙon abin da ya shiga jini su kan kama shi su haɗiye. Jakunkunan farko ba su yin nisa sai an tare su.

An kai wajen 1990 kafin a sami mafita. Aka shafe bayan jakar da wani sinadari mai suna PEG, mai janyo ruwa, har jakar ta zama kamar tana sanye da rigar ruwa, masu tsaro ba su shaida ta da sauri. Mutanen da da sun ce layar zana ce. Ga bambancin da wannan ya kawo: doxorubicin tsirararsa, cikin 'yan mintoci mafi yawansa ya bar jini ya watsu cikin tsoka, har da ta zuciya, amma na cikin jaka, bayan kwana biyu wajen rabinsa yana nan yana zagaye cikin jijiya.

To, ƙaƙa jakar ta ke sanin gidan da za ta sauka? Ba ta sani ba, kuma nan ne masu ba da labari su ke ƙara gishiri. Cikin 1986 wasu masana biyu a Kumamoto ta ƙasar Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, suka bayyana abin da ke faruwa. Jijiyoyin jini na lafiyayyar tsoka kamar katanga su ke, ba kafar da jaka za ta bi. Amma jijiyoyin da ƙari ya janyo wa kansa ginin gaggawa ne, kamar tsohuwar danga mai ɓula ko'ina. Jakar tana cikin zagaye sai ta zurara ta waɗannan kafofi ta faɗa cikin ƙarin. Ƙari kuwa ba shi da magudana mai kyau, saboda haka abin da ya shiga ya kan daɗe bai fita ba. Can jakar ta ke saki, maganin ya tsiyaya. Ashe ba wayo ne da jakar ba, ɓular danga ce ta ba ta hanya.

Bisa wannan dabara wasu masana a birnin Ƙudus, Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon, suka yi aikin da ya haifi maganin da a ke kira Doxil, ko Caelyx a ƙasashen Turai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikin 1995, da fari domin sankarar fata ta Kaposi mai kama masu ƙanjamau, daga baya kuma domin sankarar gidan ƙwan mace da wata irin sankarar ɓargo.

Akwai na biyu da ya cancanci ambato. Wani maganin kemo mai suna paclitaxel, wanda aka fara samu daga ɓawon wani itace na Amurka, ba ya narkewa cikin ruwa. Sai an narkar da shi cikin wani sinadari da a ke yi da man zurma, shi kuwa wannan sinadari ya kan tayar wa wasu mutane da borin jini mai tsanani. Cikin 2005 aka amince da Abraxane, inda aka dunƙule maganin da wani sinadari na cikin jinin mutum, kowane dunƙule wajen nanomita 130. Da haka aka huta da man zurma, ƙarin ruwan da a da ya ke cin sa'a uku ya koma rabin sa'a.

Inda abin ya tsaya

Hakimi ba ya yanke shari'a da jin ɓangare guda, to, ga ɗaya ɓangaren.

Cikin 2004 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mata 509 waɗanda sankarar mama ta riga ta bazu a jikinsu. Rabi aka ba su doxorubicin na da, rabi na cikin jaka. Cikin masu na da, 48 aka ga alamar rauni a zuciyarsu. Cikin masu na jaka, 10 kaɗai. Zubar gashi da amai su ma sun ragu ƙwarai. Amma tsawon kwanan da suka yi kusan ɗaya ne, wata 22 da wata 21. Bugu da ƙari, jakar ta zo da nata aibi: kusan rabin waɗanda aka ba su, tafin hannu da na ƙafa suka yi ja, suna zafi suna saɓulewa, abin da ba a cika gani da tsohon maganin ba. Sauƙin wahala ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwance, kuma ga matar da zuciyarta ba ta da ƙarfi wannan jaka tana iya zama ita ce kaɗai hanyar ba ta maganin. Duk da haka sauƙi daban, warkewa daban.

Cikin 2016 kuma wasu masana a Toronto ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Warren Chan, suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka lissafa. Suka tarar a tsaka-tsaki, cikin kowane kashi 1,000 na abin da aka zuba cikin jini, wajen kashi 7 ne kaɗai su ke isa ƙarin. Mafi yawan sauran hanta da saifa su ke kamawa, duk da rigar ruwan. Masana sun yi ta gardama a kan wannan lissafi, amma da yawansu suna ganin cewa ɓular danga ta fi yawa a ƙarin ɓera bisa na mutum, kuma ƙarin wani ba ɗaya ya ke da na wani ba.

Akwai dai inda aka sami ƙarin kwana. Wani magani mai suna Vyxeos, wanda aka amince da shi cikin 2017, ya haɗa magani biyu cikin jaka guda domin wata muguwar sankarar jini. Dattawan da aka gwada shi a kansu sun kai wajen wata tara da rabi a tsaka-tsaki, masu tsohon magani kuwa wajen wata shida. Ci gaba ne na gaske, amma da watanni a ke auna shi.

Sai maganar kuɗi da hanya, wadda ta fi shafar mutumin Kiyawa ko Buji. Maganin cikin jaka ya ninka na da tsada sau da yawa. Daga waje a ke kawo shi. Tilas a ajiye shi cikin sanyi, tsakanin awo 2 da 8 na ma'aunin zafi, kada kuma ya daskare, kowa kuwa ya san zafin bazara a ƙasar nan da halin wutar lantarki. Ko a Amurka ma, da masana'antar da ke yin Doxil ta sami tangarɗa cikin 2011, maganin ya yanke, sai da aka ba da izinin shigo da irinsa daga Indiya cikin 2012.

'Yan Nijeriya ba su zauna kallo ba. Farfesa Wole Soboyejo da almajiransa, a Amurka da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, sun yi bincike a kan 'yan mitsitsin ƙwayoyin zinariya da na baƙin ƙarfe waɗanda a ke liƙa wa wata alama mai kama ƙwayar sankarar mama, kamar adireshi a bayan ambulan. Aikin ɗakin bincike ne da gwaji kan dabbobi. Ba magani ba ne da za a je a saya.

Masu cin kasuwa da suna

Duk kalmar da ta yi farin jini, mayaudara su kan ɗauke ta su liƙa a kwalba. Cikin watan Agusta na 2014, sa'ad da cutar Ebola ta shiga Ikko, an yi ta zancen wani ruwa mai suna Nano Silver, wai shi ne maganinta. Da hukuma ta duba sai ta tarar bai cika sharuɗɗan gwajin magani ba, aka hana ba majiyyata. In har irin wannan ya kai gaban manyan ma'aikatan lafiya kafin a tare shi, ina ga kasuwar ƙauye?

Alamar ganewa mai sauƙi ce. Maganin sankara na cikin jaka irin waɗanda aka ambata ba a shan sa, ba a shafa shi, ba a tallarsa da lasifika a bayan mota. Ta jijiya a ke ba da shi cikin ƙarin ruwa, a asibiti, bayan an auna jini da zuciya, ƙarƙashin likitan sankara. Duk wanda ya zo kasuwar Shuwarin ko wata kasuwa da kwalba ko garin magani ya ce nano ne mai kashe daji, a kai rahotonsa ga ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, su sanar da hukumar NAFDAC.

Abin da ke hannun hakimi da magatakarda

Akwai magana mai ƙarfi a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko fiɗa sai ya harzuƙa. Ya kamata a san inda ta samo asali. Na farko, abin da a ke kira daji a ƙauye ya haɗa da maruru da gyambo da kumburi iri iri waɗanda ba sankara ba ne, masu warkewa da kansu, sai a ce mai magani ne ya warkar. Na biyu, mai sankara ta gaske ba ya zuwa asibiti sai bayan an yi sakiya, an yi tsaga, an shafa wannan an sha wancan, wata da watanni, cuta ta riga ta kai hanta. In ya rasu bayan an taɓa shi sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. Ƙullutun da bai wuce girman dabino ba, wanda bai bazu ba, sau da yawa fiɗa da kemo na da, mai sauƙin kuɗi, su kan gama da shi. Wanda ya bazu kuwa, jaka mafi tsada a duniya jinkirta shi kawai ta kan yi.

Saboda haka abin da a ke roƙon hakimai shi ne su umarci dagatai da masu unguwanni, su kuma nemi taimakon limamai da ungozomai da wanzamai, a sanar da mutane alamun da ba a kwana da su: ƙullutu a mama ko hammata, ko da ba ya zafi, jinin da ke zuwa wa mace ba lokacin al'ada ba, ko bayan ta daina, gyambon da ya ƙi warkewa, kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro, wahalar fitsari ga dattijo, rama ba dalili. Rashin zafin nan shi ne ya ke yaudarar mutane. Maigida kuma a ja hankalinsa, gama mace da yawa ta ga abin tun da wuri, kunya ko rashin izini ko kuɗin mota ya zaunar da ita.

Hanyar a bayyane ta ke. A fara da asibitin da ya fi kusa, daga nan a tura mutum Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. In abin ya bukaci ƙwararru sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Ba a tabbatar da sankara da ido. Sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin awo. Kada a sayar da gona ko shanu kafin wannan sakamako ya fito, likita ya faɗi irin cutar, da matakin da ta kai, da abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba. Dangi suna da ikon tambaya, ko maganin cikin jaka ya dace da mai ciwonsu, da abin da zai ƙara masa bisa na da. A tambayi kuma ofishin jin daɗin majiyyata game da asusun taimakon masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara cikin 2021 a asibitoci shida, har da na Shika da na Gombe, domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza.

Sankarar bakin mahaifa ma akwai rigakafinta. Cikin watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar, kuma Jigawa tana cikin jihohin farko.

Magatakarda kuwa aikinsa alƙalami ne. Ya buɗe shafi cikin littafinsa domin waɗanda aka tura asibiti da irin waɗannan alamu, ya rubuta ƙauye, da ranar da aka fara ganin abin, da ranar da aka tafi, da ranar da aka ce a komo. Kemo ba sau ɗaya a ke yi ba. A kan maimaita shi, galibi bayan kowane mako uku ko huɗu, har sau shida ko fiye, kuma mutane da yawa su kan yanke bayan na biyu, ko don kuɗi sun ƙare, ko don sun ga ƙullutu ya ragu sun zaci an gama. In ranar komawa ta wuce mutum yana gida, a aika wa mai unguwa ya je ya ji dalili. Littafin nan kuma sirri ne, ba a karanta shi a zaure gaban 'yan fada.